Daga Dillali Zuwa Lambar Sirri: Tarihin Yadda Sunan Mutum Ya Zama Abin Sata

 A wannan karon ba labarin soyayya ko na kishiya na zo muku da shi ba. Ɗan tarihi nake so mu taɓa, tarihin abin da ke cikin aljihun kusan kowannenmu, wato katin banki da layin waya. Duk wanda ya shiga kasuwar Sara da ke ƙaramar hukumar Gwaram ranar da take ci, ko ya tsaya a tashar Birnin Kudu, zai ga laimomi a jere, kowace da yaro a ƙarƙashinta riƙe da na'urar POS. A nan manomi ke karɓar kuɗin riɗinsa, a nan mai awaki ke tura wa ɗansa kuɗin makaranta, a nan kuma ake yawan jin maganar nan mai ɗaci: "An kwashe min kuɗi." In ka tambaya wa ya kwashe, sai a ce maka ai banki sun ce shi da kansa ya cire. To ta yaya mutum zai saci kuɗin kansa yana barci? Abin da ya faru shi ne wani ne ya zama shi.

Mu marubuta mun daɗe muna cin abinci da sojan gona. Sau nawa aka rubuta labarin Hassana ta shiga ɗakin mijin Usaina ba a gane ba? Amma ko a littafi sai mun wahala mun nemo kama, mun daidaita murya da tafiya, kafin mai karatu ya yarda. Ɓarawon yau ba ya bukatar ya yi kama da kai ko kaɗan. Lamba goma sha ɗaya da layin wayarka sun ishe shi. Yadda aka yi muka iso nan shi ne zancenmu.

Tun kafin zuwan Turawa fatakenmu ke tafiya Gwanja sayo goro, tafiyar watanni a ƙasa, ayari guda ƙarƙashin madugu. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari duk da wannan fatauci suka yi suna. Idan baƙo ya isa zango ba ya faɗa wa kasuwa kai tsaye, sai ya sauka gidan maigida, wanda a wasu wurare ake ce wa fatoma. Shi zai ba shi masauki da abinci, ya ajiye masa kaya da kuɗi, sannan ya haɗa shi da dillali. Idan aka sayar da kayan baƙo bashi, maigida ne ya tsaya. In mai saye ya gudu ko ya karye, daga aljihun maigida za a biya, domin in bai biya ba labari zai riga shi isa Kano, baɗi kuma ba wanda zai sauka a gidansa.

Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960, ya ga wannan tsari da idonsa a cinikin shanu. Ana kawo shanu daga Arewa, a sayar wa mahauta Yarabawa bashi, sai bayan makonni su biya, ba banki, ba takardar da aka sa wa hannu. Abin da ke riƙe da cinikin kawai shi ne maigida da dillalansa sun san kowane mahauci, sun san nawa ake bin sa, sun san ranar da ya fara jinkirin biya. Dole ne ma su sani, tunda su ne za su kwana a ciki. Har gobe a kara, in ka sayi saniya ta hannun dillali daga baya aka ce ta sata ce, shi za ka nema, shi kuma ya nemo wanda ya kawo ta. Don haka la'adar da yake karɓa ba ladan surutu ba ce kawai, har da ladan ɗaukar asara. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan, domin a kansa duk zancen ya rataya: wanda asara za ta hau kansa, shi ne ke buɗe ido.

Ba wai a da babu macuta ba ne. Akwai su, har da masu shiga gari da rawani su ce su 'ya'yan sarkin wuri kaza ne. Sai dai mai sojan gona a wancan lokaci dole ya je inda ba a san shi ba, kuma a can ɗin ma tambayar farko ita ce, "Ɗan gidan wa? Wa ya san ka?" Tsagar fuska tana magana, karin harshe yana magana. Addini ma bai bar abin haka nan ba, domin ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka, tana umarni a rubuta kuma a kafa shaidu. Shaida mutum ne mai suna da gida, wanda za a iya zuwa a yi masa sallama.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, sai takarda ta fara shiga tsakanin mutum da sunansa. Takardar haraji ita ce katin shaidar farko da talaka ya sani, a hula ko a laya ake ɓoye ta, in za a yi tafiya a ɗauka, don kada a tare mutum a hanya. Dattawan Birnin Kudu da Gwaram ba su manta ba, domin a ƙarƙashin Jihar Kano suke lokacin da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, shekara goma sha biyu kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991. Banki kuwa, ana ba da labarin cewa da bankin Turawa na British West Africa, wanda ya zama First Bank, ya buɗe reshe a Kano a 1929, Alhassan Ɗantata ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi ashirin. Wa zai tambayi Ɗantata katin shaida? Ko da Babban Bankin Najeriya ya fito da shirin kai bankuna karkara a 1977, abin bai yi nisa da tsohon tsari ba. Ɗan littafin ajiya ne a hannunka, ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a gaban kashiya, manaja kuma ya san hakimi, ya san shugaban makaranta, ya san wanda ya kawo ka. Akwai jinkiri, akwai wulaƙancin layi, amma da wuya wani ya zo da fuskarsa ya ce shi ne kai.

Shi katin ba a nan aka haife shi ba, don haka sai mun ɗan tsallaka Amurka. A 1950 aka fara wani kati mai suna Diners Club a birnin New York, na masu kuɗi ne da ke son cin abinci a otal su biya a ƙarshen wata. Amma katin bashi na gama-gari ya fara ne a watan Satumba na 1958, lokacin da Bank of America ya aika wa mutanen wani gari mai suna Fresno a jihar Kalifoniya kati dubu 60 ta gidan waya, ba tare da kowa ya roƙa ba. Ka wayi gari kawai ka ga an ba ka izinin cin bashi. Wannan katin ne daga baya ya zama Visa a 1976. Masu shirin sun yi lissafin kashi 4 cikin ɗari ne za su yi jinkirin biya, sai ga shi abin ya kai kashi 22, ga kuma ɓarayi sun gano cewa katin wani ma yana sayen kaya. Duk da haka sauran bankuna suka bi sahu. A 1966 bankunan Chicago suka watsa miliyoyin katuna gab da Kirsimeti, har da sunan jarirai da matattu, ɓarayi kuma suka dinga kwashewa daga akwatunan wasiƙa. Sai mutum ya ga takardar bashin kayan da bai taɓa gani ba, na katin da bai san an yi masa ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba ni sha'awa. A 1970 majalisar Amurka ta hana aika wa mutum katin bashin da bai nema ba, ta kuma ce in aka yi amfani da katinka ba da izininka ba, abin da za a ɗora maka ba zai wuce dala 50 ba, sauran kuwa matsalar banki ce. A 1974 aka ƙara wata dokar da ta tilasta wa banki ya saurari ƙorafin wanda ya ce ba shi ya ci bashin ba, ya kuma bincika cikin wa'adi. Wato dai sun mayar da banki dillali. Tun daga nan bankunansu suka shiga kashe kuɗi wajen gano ciniki mai alamar tambaya, ba don tausayin talaka ba, sai don su ne za su biya. Ingila ma ta je har inda ya fi nan. Daga ranar 7 ga Oktoba, 2024, wanda aka yaudara ya tura kuɗi da hannunsa ana mayar masa har zuwa fam dubu 85, bankin da ya tura da bankin da ya karɓa su raba asarar biyu, sai fa in an tabbatar ya yi mummunan sakaci.

Mu dawo gida. Yawancin abin da ke hannunmu ba katin bashi ba ne, katin cirar kuɗi ne. Bankunanmu ba su cika ba talaka bashi ta kati ba, mutanenmu kuma da yawa suna gudun kuɗin ruwa. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Wanda aka saci katin bashinsa, kuɗin banki aka ci, shi gardama kawai zai yi. Wanda aka saci katin cirar kuɗinsa, guminsa aka ci, kuma shi zai yi ta bin sawu.

Abubuwan sun zo mana ne a gurguje. Wayar salula ta shigo a 2001. Kamfanin Interswitch, wanda ya haɗa na'urorin bankuna har katin wannan ya yi aiki a injin wancan, an kafa shi a 2002. A 2004 gwamnan Babban Banki Charles Soludo ya ce kowane banki sai ya mallaki jarin naira biliyan 25, kafin ƙarshen 2005 bankuna 89 suka koma 25, Bankin Arewa da iyayenmu suka sani ya narke cikin Unity Bank. Manajan da ya san kowa ya tafi, hukunci ya koma Legas. Katunan farko masu baƙin layi ne a baya, kuma ba a daɗe ba 'yan damfara suka koyi kwafe su, har sai da Babban Banki ya tilasta komawa kati mai ɗan ƙarfe a gaba wajen 2010. Wannan gyara ya yi aiki, kwafar kati ta ragu ƙwarai. Sai ɓarayin suka bar katin suka koma kan mai katin.

Ranar 14 ga Fabrairu, 2014, aka ƙaddamar da BVN, lamba goma sha ɗaya da aka ɗaura wa zanen yatsu da hoton fuska, don kada mutum ɗaya ya buɗe asusu goma da suna goma. Niyya mai kyau ce, ba na musu. Katin ɗan ƙasa kuwa tsohon ciwo ne. An yi rajista a 2003 da kamfanin Sagem na Faransa, kwangilar dala miliyan 214, kafin shekarar ta ƙare aka gurfanar da wasu tsofaffin ministoci bisa zargin cin hanci. A 2007 aka kafa hukumar NIMC, ita ta kawo lambar NIN, a watan Disamba na 2020 kuma Minista Isa Ali Pantami ya ba da umarnin kowa ya haɗa ta da layin wayarsa. Daga nan mutum ya zama igiya guda: layi a ɗaure da NIN, asusu a ɗaure da BVN, saƙon banki kuma ta layin yake zuwa. Wanda ya kama bakin igiyar ya kama ka gaba ɗaya.

Ga yadda suke yi. An sace wayarka a kasuwa, kai kana kukan waya, shi ɓarawon ko kallonta bai yi ba, layin yake so. Ya sa shi a wata wayar, ya danna *565*0#, BVN ɗinka ta fito. Saƙonnin alat sun gaya masa bankinka da abin da ya rage. Daga nan ya fara gwada tura kuɗi ko sayen katin waya, wani lokaci har ya ci bashi da sunanka a manhajojin ba da rance. Wani kuma ba ya satar komai, kiranka zai yi da Hausa tsantsa, cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, daga banki ne, za a rufe asusunka yau," ya karanto maka cikakken sunanka da ranar haihuwarka, sannan ya ce ka faɗa masa lambar da aka turo maka yanzu. A ina ya samu sunan? A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta ce ta gano shafukan intanet da ke sayar da bayanan 'yan Najeriya a kan naira 100 kacal, ko da yake hukumar NIMC ta musanta cewa an fasa rumbunta. A watan Yuli na 2025 kuma EFCC ta ce akwai matasa kusan dubu 12 da ke bin mutane suna sayen lambobin BVN da NIN a kan naira 1,500 zuwa 2,000, su sayar a kan kusan 5,000, a buɗe asusu da su a dinga wuce da kuɗin damfara. Ranar da asiri ya tonu, sunan wa za a gani? Na tsohuwar da aka ce mata tallafi za a ba ta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ƙauyukanmu ba da son ransu suka shiga wannan harka ba, tura su aka yi. Da aka sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, farkon 2023 kuɗi suka ɓace, mai buhun masara ya rasa mai saye sai da tiransifa, har sai da Kotun Ƙoli ta sa baki ranar 3 ga Maris. A 'yan makonnin nan mutane da yawa suka buɗe asusu a hannun yaran da ke bakin kasuwa. Yaron ne ya cike fom, shi ya zaɓi lambar sirri, sau da yawa shekarar haihuwa ko 1234, shi kuma ake miƙa wa katin a ce, "Ɗana, ciro min dubu biyar, lambar tana jikin takardar." Ana cewa in ɓera da sata daddawa ma da wari, haka ne. Amma wanda bai iya karatun boko ba, aka ba shi na'ura mai magana da Turanci, aka hana shi takardar kuɗi, wace dabara ta rage masa in ba ya amince da wani ba? Da amana ya saba ciniki. Mafi yawan masu POS ɗin nan yaran kirki ne masu neman halal, sai dai ba wanda ya ɗora musu nauyin da ke kan dillali.

Sai kuma ranar kai kuka, wadda ita ce ta fi ciwo. Na taɓa raka wata gwaggona da aka kwashe wa kuɗin adashi zuwa wani banki. Daga ƙauyensu sai da ta hau babur ta hau mota, kuɗin zuwa da dawowa kaɗai ya isa cefanen kwana biyu. Muka samu layi tun daga bakin ƙofa. Da muka isa teburin masu sauraron ƙorafi, yarinyar da ke wurin ba ta ɗago kai ba ta ce, "Mama, kin ba wani lambarki?" Gwaggo ta ce ita ba ta ma san lambar ba, a rubuce take. Shi ke nan, magana ta ƙare a wurinsu. Aka ba mu fom na Turanci, aka ce mu kawo takardar rantsuwa daga kotu da rahoton 'yan sanda, aka ce za a tura hedikwata, mu dawo bayan kwana goma na aiki. Lambar wayar da ke bayan katin kuwa, in ka kira sai wata murya ta ce ka danna ɗaya, ka danna biyu, a sa maka kiɗa har kuɗin wayarka su ƙare. Ban ga laifin yarinyar can sosai ba, ita ma ba ta da ikon mayar da ko sisi. An ajiye ta ne don a samu wanda za a yi wa faɗa.

Kuma ba wai babu doka ba. Tun 2012 Babban Banki ke da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna, kuma ƙa'ida ita ce ka fara kai ƙorafi bankinka a rubuce, ka karɓi lambar shaidar ƙorafin, in mako biyu ya wuce ba a warware ba ka kai gaba wurinsu. Tun watan Yuni na 2020 aka ce in injin ATM na bankinka ya zare kuɗi bai ba ka ba, a mayar nan take ko cikin awa 24, in na wani banki ne cikin awa 48. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi ɗauri da tara ga mai amfani da sunan wani, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023. (Af, ita lambar 419 da muke ta kira, sashe ne na kundin laifuka na Kudu, mu a Arewa Penal Code muke bi tun 1960, amma sunan ya riga ya bi bakin kowa.) Matsalar ita ce, a aikace, da zarar kwamfuta ta nuna da lambar sirrinka aka cire kuɗin, sai nauyin kawo hujja ya dawo kanka. Su da ke da na'urori da ma'aikata da bayanin asusun da kuɗin suka faɗa, su ne ke tambayar mai tallan ƙuli-ƙuli ta tabbatar ba ita ba ce.

Tunda har yanzu asarar a kanmu take, dole mu zama dillalan kanmu. Banki ba ya kiran mutum ya tambaye shi lambar sirri ko lambar da aka turo ta saƙo, duk wanda ya tambaya, ko da muryar limamin unguwarku ya zo, kashe wayar. Shi kansa layin waya ana sa masa lambar kulle ta daban, wadda in aka cire shi aka sa a wata waya ba zai buɗe ba, kuma mutane ƙalilan ne ke yin haka. Kowane banki yana da 'yar lambar da ake dannawa a rufe asusu ko daga wayar maƙwabci ce, a nemi ta bankin da ake hulɗa da shi a rubuta a ajiye a gida tun kafin ranar ta zo. In waya ta ɓata, asusu ake fara rufewa, sannan layi, kafin a tsaya cigiya. In kuma layinka ya ɗauke haka kawai alhali na kowa yana aiki, kada ka ce matsalar sabis ce ka kwanta, mai yiwuwa wani ne ya je ya sabunta shi da sunanka.

Iyayenmu da ke ƙauye kuwa, waɗanda ba za su karanta wannan ba, sai mu da muka karanta mu zauna da su. A canza lambar da yaron kasuwa ya zaɓa musu, a raba takardar lambar da katin, a nuna musu su danna da hannunsu ko da a hankali ne, mai POS ya kau da kai. Idan kuma wasu suka zo ƙofar gidan mai unguwa da rumfa da fom suna cewa a kawo NIN da BVN za a ba da dubu biyu nan take, a yi musu tambayar da kakanninmu ke yi wa baƙo a zango, a ce wa ya aiko su, wa ya san su a garin nan, kuma gidan wa za a je in magana ta taso.